Ƙwaya Biyu Cikin Ashirin

Shekarar da na shiga aji biyar aka kawo mana sabon malamin kimiyya a ƙauyenmu da ke kudu da Damazin a ƙasar Sudan, wani dogon saurayi ɗan garin Managil. Ustaz muke ce masa, kamar kowane malami. Bahaushe ne, amma Larabci ya cinye masa rabin Hausa, in ya ce zai yi mana bayani da ita sai mu sunkuyar da kai muna cizon leɓe. Ranar farko bai shigo da bulala ba, bai shigo da littafi ba. Buhu ya saɓo a kafaɗa, ya zazzage shi a tsakiyar aji, sai ga gwangwanayen madara da na tumatir suna gangarawa har ƙarƙashin bencinmu. Muka yi tsuru-tsuru. Shekara huɗu muna karatu a makarantar nan, abin da muka sani shi ne malami ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace, wanda ya manta ya miƙa tafin hannu. Shi wannan cewa ya yi mu rufe littattafai, kowa ya ɗauki gwangwani ya bi shi bayan aji a ɗebo ƙasa.

Kafin azahar labari ya game gari. Mata a bakin rijiya suna cewa gwamnati ta rasa wanda za ta turo sai mai koya wa yara wasan laka. Shugaban makaranta da kansa ya zo ya tsaya ta taga, ya riƙe haɓa, ya kalle mu tsugune da hannu dumu-dumu, ya koma ofis.

Da muka dawo aji Ustaz ya tambaye mu me ya sa gonar wani take fin ta wani. Muka ɗauki surutu. Wannan ya ce ruwa, wancan ya ce ƙasa, wata ta ce taki, wata ta ce bakin mutane. Ni na miƙe na ce iri, da ƙarfi, don a lokacin ni ce ta ɗaya a aji kuma bakina ba ya mutuwa. Ya rubuta duka a allo, har da bakin mutanen. Sannan ya ce duk suna iya zama gaskiya, amma wanda yake son ya san wanne ne a ciki, abu ɗaya tak zai canja, sauran ya bar su daidai wa daida. Ya rubuta sunan abin da Larabci, mutagayyir, wato abin da ake canjawa, ya sa muka yi ta maimaitawa har kalmar ta zauna mana a baki.

Makon farko ruwa muka canja: ƙasa ɗaya, wake ɗaya, taga ɗaya, amma wani gwangwani marfin kwalba uku, wani ɗaya, wani ko ɗigo. Mako na biyu haske muka canja, aka kulle wani a cikin kabad. Ranar da aka buɗe sai da na yi ƙara. Waken ya tsira, amma fari fat, dogo, siriri, ya sunkuya kamar mai jinya. Ban taɓa sanin duhu yana yi wa shuka haka ba, alhali a cikin shuka aka haife ni.

A mako na uku ya ce yanzu iri za mu canja. Kowa ya kawo ƙwayar dawa ashirin daga cikin wadda babansa zai shuka bana. Lokacin an yi yayyafi sau biyu, amma ba wanda ya yi shuka tukuna. Ƙasarmu baƙar laka ce mai tsagewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa, kuma manomin kirki ba ya fita da iri sai ruwa ya rufe tsagar nan.

Na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni sarauta. Babana ba mai dukiya ba ne, gonar dawa fadan biyar gare shi, wato kamar eka biyar, amma in ana maganar iri a garinmu shi ake fara ambata. Tun dawa tana tsaye yake zagaya gona da wuƙa yana zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ya sussuke ta daban, ya gauraya da toka da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, ya ɗinke buhu, ya rataye shi a rufin ɗakin Inna. Yana cewa tun kakansa irin nan yake hannunsu. Dawar ci kuwa tana cikin matmura, ramin da ake haƙawa a tudu a binne hatsi shekara biyu ko uku. Ban tambayi kowa ba. Na taka gadon Inna, na zura yatsa ta kusurwar buhu, na cika hannu, na ƙulle a bakin mayafina. Da safe duk wanda na haɗu da shi a hanya sai da na gaya masa ya shirya shan kunya.

Muka jera gwangwanaye talatin da wani abu a gindin taga, kowanne da alamar mai shi. Ƙasa daga rami ɗaya, ruwa marfi biyu, zurfin shuka gaɓar yatsa. Ba abin da ya bambanta sai gidan da dawar ta fito.

Ranar kwana biyar muka taru ƙirga. Wannan goma sha shida, wancan goma sha bakwai. Yarinyar da muke benci ɗaya, wadda Baba yake yi wa gonar babanta dariya yana cewa ciyawa suke nomawa, tata goma sha takwas. Na leƙa nawa gwangwanin. Biyu. Na matsa ido, na karkata shi wajen haske, na ɗaga na duba alamar da ke gindi ko an musanya mini. Nawa ne, kuma biyu ne. Wani ya tuntsire da dariya daga baya, ajin ya ɗauka.

Ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigar yarinyar nan ba. Na ce ita ce, ta zuba mini gishiri ko kananzir don baƙin ciki, kuma sai ta faɗi gaskiya. Ita ko kuka kawai ta sa. Ustaz ya raba mu, na miƙa hannu ina jiran bulala, sai ya ce in sauke. Ya ce zargi ba amsa ba ne, a sake gwaji. Ya karɓi ƙwaya ashirin daga sauran da ke bakin mayafina, ashirin daga nata, ya naɗe kowanne a jiƙaƙƙen tsumma, ya kulle a kabad, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Kwana huɗu ina hararar yarinyar nan, ina jiran ranar wanke kaina.

Ranar Alhamis aka buɗe. Tsummanta ya cika da fararen saiwoyi har sun huda zaren. Nawa, ƙwaya ɗaya ce ta yi tsiro, sauran sun kumbura sun yi baƙi, suna wari. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na sunkuyar da kai na koma benci.

Da aka tashi ya ce in tsaya. Ya karɓi ƴan busassun ƙwayoyin da suka rage mini, ya wanke tokar a tafin hannunsa, ya duba, ya shinshina, ya ciza ɗaya. Na ga fuskarsa ta canja.

"Ya bitti, wannan ba tairab ba ne," ya ce, tairab shi ne iri a Larabcin wajenmu, ya bitti kuma ɗiyata. "Wannan dawar matmura ce. Ta daɗe a rami, zafi ya kashe ta. Ana ci, amma ba ta tsira. Babanki ya shuka?"

Na ce a'a, yana jiran ruwa.

"Alhamdu lillahi. To yau ɗin nan, ba gobe ba, ki gaya masa. Kin ji?"

Na ce na ji. Da gudu na taho gida, raina cike da cewa ɓarawo ya shiga mana ɗaki. Baba yana gona yana duba ƙasa. Inna na samu a bakin kasko tana shimfiɗa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, na zauna ina haki na kwashe duka na gaya mata, har da warin. Ina jiran ta yi salati ta tambayi wanda ya yi. Ba ta yi ba. Hannunta ya tsaya a kan kaskon, kisrar ta ƙone har ta yi hayaƙi, ba ta ɗaga ba. Nan na gane ba ɓarawo ba ne.

Innata ƴar birnin Hasahisa ce. A bakin masaƙa ta tashi, babanta ma'aikaci ne a can, ba ta taɓa riƙe fartanya ba sai da aure ya kawo ta ƙauye. Da rani, lokacin da Baba ya tafi kamun kifi a bayan madatsar Rusairis, mahaifiyarta da ƙannen mahaifiyarta biyu suka zo ganinta, suka yi kwana goma. Ina tune da zuwansu, don sun kawo mana alewa da sabulu mai ƙamshi. Abin da ban sani ba shi ne, ranar farko da aka ajiye musu kisrar dawar matmura, ɗaya ta shinshina, ta ture kwanon, ta ce, "Wannan kuke ci a nan?" Dama tun ranar aurenta suke cewa an kai ta daji. Washegari Inna ta sauke buhun iri, ta farke ɗinkin, ta wanke mudu ɗaya ta niƙa. Kisra ta fito fara tas, baƙi suka yaba. Sai ta ƙara wani mudun, ta ƙara wani, har buhun ya kusa ƙarewa. Da suka tafi ta auno dawar matmura daidai abin da ta ɗiba, ta wanke, ta shanya, ta gauraya da toka da ganye, ta ɗinke ta mayar.

"Wallahi ban rage masa ko ƙwaya ba," ta ce. "Mudu da mudu na mayar. Dawa ba dawa ba ce? Ni ina na san rami yana kashe ta?"

Na zauna ina kallonta. Uwata ce, wadda ban taɓa ganin ta yi kuskuren gishiri a miya ba. Na ce, "Inna, sai an gaya wa Baba."

Ta riƙo hannuna da hannunta mai zafin kasko. "Ya bitti, ki rufa mini asiri. Gwangwani ba gona ba ne. Ƙasar Allah faɗi gare ta, in ta sha ruwan sama za ta tsira. In ya ji, da wane ido zan dube shi? Shekara goma sha huɗu ina fama kada a ce ƴar birni ba ta san komai ba."

Baba bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba duka take tsoro ba. Kunya take tsoro, kuma na gane, don ni ma ranar na ɗanɗana ta a gaban aji. Amma na san maganarta ba gaskiya ba ce. Ƙasa ɗaya muka zuba, ruwa ɗaya, na kowa ya tsira ban da nawa. Mako uku ana koya mini wannan abu ɗaya, kuma ni ce na fi kowa gane shi. Duk da haka na ce mata to. Ba mu tashi daga wurin ba hadari ya haɗo daga gabas, kafin la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ake jira.

Laka ba ta takuwa sai ta sha iska, don haka kwana biyu cur nake da su. Sau biyu ina zuwa wurin Baba. Na farko na same shi a ƙarƙashin rumfa yana gyaran saluka, sandar shuka mai ƙarfe a baki da wurin taka ƙafa. Na tsaya a kansa har ya ɗago.

"Mi na, ɗiyata?"

Na ce ruwa na zo tambaya ko zai sha. Na biyu kuwa shi ya riga ni magana. Ba kowa yake yarda ya bi shi da iri ba, Goggona ce take yi kullum, to bana ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Bana ke za ki bi ni da ƙwarya. An ce ke ta ɗaya ga aji, mu gani ko hannun ya kai kan." Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi, kuma daɗin nan ya ƙara ɗaure mini harshe.

Ranar shuka maƙwabta suka zo gayya. Baba ya sauke buhu, ya farke, ya zura hannu har gwiwar hannu. Na riƙe numfashi ina roƙon Allah ya sa ya gane da kansa, in huta. Ya ɗebo, ya bar ta ta zuba ta tsakanin yatsunsa. Toka ta rufe launin, darbejiya ta rufe warin, kuma mutum ba ya zargin abin da ya ɗinke da hannunsa. Ya yi bisimilla ya rarraba a ƙore. Inna tana ɗaki, ta ce kanta ke ciwo.

Kwana biyu muka yi. Yana gaba yana taka saluka, rami yana buɗewa, ina baya ina jefa ƙwaya huɗu ko biyar, in rufe da diddige. Kowane rami na san abin da nake binnewa. Mutane suna waƙa, ana tsokanar juna, ana cewa ƴar makaranta ta iya. Wani lokaci sai in ce a raina idan mun kai ƙarshen wannan layin zan faɗa. Mu kai, ya juya, in bi shi. Da muka gama ya dafa kaina ya ce ko Goggo ba ta fi ni sauri ba. Da na koma makaranta Ustaz ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Kin gaya masa?" Na dube shi ido cikin ido na ce na gaya masa.

Daga nan na koma mai addu'a. Ban taɓa son a ƙaryata ni ba irin wannan makon. Kullum da safe kafin makaranta sai na bi ta gona. Kwana huɗu, ba komai, na ce da sauran lokaci. Kwana biyar, gonakin maƙwabta suka fara layi-layi kore. Kwana bakwai, duk inda ka duba kore ne, tamu kuwa baƙa ƙirin a tsakiya, sai tsiro ɗaya nan, ɗaya can nesa. Masu wucewa suna tsayawa a kan hanya su riƙe baki. Gonar mai iri ce fa.

Baba ya rikice. Ya tsuguna yana tona ramuka da yatsa, yana fito da ruɓaɓɓun ƙwayoyi yana jujjuya su. Ya ce tururuwa ce, ya ce ruwa ne ya yi yawa, ya ce ko beraye. Amma ruwan da ya sauka a gonarsa shi ya sauka a ta maƙwabcinsa, kuma ya san haka. Ya daina cin abinci sosai. In an ajiye masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Ni da Inna muka daina haɗa ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Ustaz ya je ya yi wa Baba jaje cikin mutane. Daga baya na ji abin da ya ce. Da zuciya ɗaya ya tambaya me ya sa aka shuka dawar bayan yarinya ta faɗa, ko ba a samu wani irin ba ne.

Ina shara a tsakar gida Baba ya shigo. Bai cire hula ba, bai nemi ruwa ba. Ya zauna a bakin gadon igiya da ke ƙarƙashin rumfa, ya kira ni. Kafin in ƙaraso Inna ta fito da gudu ta durƙusa.

"Malam, ni ce. Ba ruwan yarinya, ni na hana ta."

Ta faɗi komai, tun daga kwanon da aka ture har ɗinkin buhu, tana kuka. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Na zaci gidan zai kama da wuta. Sai ya ce a hankali, "Na ji. Ke ba ki san rami na kashe iri ba. Ban taɓa gaya miki ba, wanga laifina na. Tashi."

Sannan ya juyo gare ni.

"Nawa sunka tsira ga gwangwanin naki?"

"Biyu."

"Cikin nawa?"

"Ashirin."

"Sau nawa kunka gwada?"

"Sau biyu, Baba."

Ya dubi hannuwana. "Ke kin gani da idonki. Kin ƙirga. Kuma kinka biyo ni kwana biyu kina zubawa, kina rufewa da ƙafa, ina yaba miki." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Ranar Alhamis ɗin nan kowa na da iri ga ɗaki. Ƙwarya guda zan ɗauka in zaga gari, in sha kunyar yini ɗaya, mu shuka da mutane."

Na jingine tsintsiyar da ke hannuna. Ban ce Inna ce ta roƙe ni ba, don ya riga ya ji, kuma bai ɗauke shi hujja ba. Ni ma yau ban ɗauke shi ba.

Ya zaga garin duk da haka, amma a makare. Abin da ya samo guntattaki ne, mudu nan, rabin mudu can, iri kala huɗu, har daga gidan mutumin da yake yi wa dariya. Aka sake shuka bayan ciyawa ta riga ta kafa, ruwa kuma ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai mu rani ba, Baba ya tafi aikin ƙodago a manyan gonakin inji har wata biyar, mutumin da bai taɓa yi wa wani noma don lada ba. Ƴan tsirarun da suka tsira daga shukar farko sun gauraye da sauran, irin kakansa ya ɓace a shekarar nan.

Shi da Inna sun shirya kafin kaka, har yakan zaunar da ita ya nuna mata yadda ake gane zangarniya mai kyau. Ni ma bai fasa yi mini komai ba. Ya bar ni na yi karatu har inda na so, ya yi mini aure, ya ɗauki ƴaƴana a cinya. Ya yi shekara goma sha tara yana shuka bayan wannan, kuma duk damina in ina gida nakan fito da sassafe in tsaya kusa da buhu. Sai ya cika ƙwarya, ya duba hagu, ya duba dama, ya miƙa wa wani.